Takwarar Inna

Yayana mutum ne mai rediyo. Tun ina yarinya na san shi da ita. In gona za shi tana rataye a kafaɗarsa, in ya zauna a dakalin ƙofar gida tana gefen kwanon kokonsa. Duk bala'in da ya auku a duniya, ta kunnensa yake fara shigowa garinmu. A ce girgizar ƙasa ta binne birni, ko teku ya yi ambaliya ya kwashe mutane, ko an yi yaƙi an bar gawarwaki a titi, amsarsa ɗaya ce: “Allah ya kyauta.” Sai ya kurɓi koko, ya murɗa tasha ya nemo inda ake faɗin farashin hatsi.

To amma wannan mutumin ne, a gaban idona, ya yini bai ci abinci ba saboda bajiminsa na huɗa ya kumbura. Shi ya jiƙa kanwa da hannunsa ya ɗura masa, yana shafa masa wuya yana yi masa sannu. Da bajimin ya miƙe sai da ya yi sadakar ƙosai. Don haka kada wanda ya ce mini Yaya ba shi da tausayi, ni ce ƙanwarsa, na fi kowa saninsa. Yana da shi, sai dai tausayinsa abu ɗaya yake iya ɗauka, kuma sai abin yana da fuskar da ya sani.

Ni a lokacin ina zaune a gidansa. Maigidana ya rasu, na gama takaba na dawo gidan da aka haife ni, aka ba ni ɗaki a kusa da madafa. Ina koyarwa a firamaren garinmu, wanda ke tsakanin Mai'adua da Kongolam, inda in ka yi tafiya kaɗan arewa ka shiga Nijar ba tare da ka sani ba. Shekarun nan ne da ake ɗokin shari'a, kowane shago kaset ɗin wa'azi ke tashi, samari sun saki gemu, mu ma malamai mata muka ƙara wa hijabinmu tsawo. Yaya shi ke riƙe da gandun da Baba ya bari, yana kuma sayen hatsi da kaka ya ajiye sai bazara ya fitar. Rumbuna cike suke a bayan gida.

Akwai ɗaki ɗaya a gidan da ba a buɗewa, ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Tun da ta rasu Yaya ya sa masa kwaɗo, makullin yana cikin aljihunsa tare da na sito. Tana da rai bai taɓa kama sunanta ba, da ta rasu abin ya ƙara tsanani. Akwai wata mai nono a kasuwar Mai'adua mai irin sunan, “mai babban suna” yake ce mata, kuma duk yadda ta sa wa nononta kuɗi ba ya tayawa. Babban burinsa a duniya shi ne Allah ya ba shi 'ya mace ya mayar da sunan Inna. Allah kuma ya yi ta ba shi maza. Duk haihuwar da matarsa ta yi, in aka ce namiji ne, zai yi hamdala, sannan ya ce wata ran Inna za ta dawo. Ni ma maza na haifa, don haka sunan yana nan ba wanda ya ɗauka.

A shekarar da nake ba da labari, ruwa ya ɗauke a arewa gero yana bunni, abin da ya rage kuma fara ta sauka ta cinye. Mu an ɗan samu, su mutanen Nijar kam ko kara ba su kwasa ba. Da farko a rediyon Yaya muka ji. Daga baya muka gani a kasuwa, shanu masu ƙashin haƙarƙari a waje ana neman mai saye ko nawa ne. Da bazara ta yi sai mutanen da kansu suka fara shigowa ta Kongolam, mafi yawa mata da tsofaffi da yara, don mazan sun tafi ci-rani kudu. Hausa ɗaya muke yi da su, wasu ma akwai auratayya tsakaninmu. Suka ce rairayi ya rufe musu gonaki, rijiyoyi sun ƙafe, itatuwan da suke tsinkar ganye an sare an yi girki. Wata ta gaya mini har gidan tururuwa suka haƙa suna kwashe 'yar tsabar da ta tara.

A bayan makarantarmu akwai wani tsohon aji da iska ta yaye wa kwano, babu ƙofa babu taga. Nan suka sauka, da gindin darbejiyoyin da ke kewaye. Ranar farko da na gan su, duk abin da ke jakata na juye musu, na koma aji hawaye ya hana ni rubutu a allo. Haka kowa ya yi a garin. Mata suka aika da ɗumame da ƙanzo. Liman ya yi huɗubar Juma'a a kan haƙƙin maƙwabci, maza suka fito idanu jajur, aka tara abin da aka tara. Bai kai ko'ina ba, don kafin a gama rabawa wasu sun ƙaru. Daga nan sai abin ya fara sauyawa, ina kallo. Sallamar da ake amsa wa matan da “shigo” ta koma “Allah ya ba da haƙuri.” Mutane suka daina cewa “matar nan mai goyo” ko “tsohon nan mai sanda,” kowa sai ya ce “mutanen makaranta.” Ni kaina da nake wuce su safe da rana, na wayi gari ina iya bi ta gabansu ina tunanin abin da zan koyar. Suna ƙaruwa, tausayin yana raguwa, kuma ba wanda ya zauna ya yanke shawarar haka.

Na yi wa Yaya magana a kan rumbunan nan ba sau ɗaya ba. Ni ba na iya magana a hankali, kowa ya sani, shi kuma ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na kawo masa aya, na kawo masa hadisi, na tuna masa huɗubar da ya yi wa kuka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni su nawa ne a makarantar, su nawa ne a tashar Mai'adua, su nawa ne a Daura, su nawa ne ke kan hanya. Ya ce ko ya fasa rumbunan duka ya haɗa da sito, kwana nawa za su yi? Ƙarshe su ba su ƙoshi ba, mu mun shiga sahunsu. Ya ce wannan aikin hukuma ne, ba na mutum ɗaya ba. Abin haushin, ban sami inda zan kama shi ba, don lissafinsa daidai ne. Na tashi na bar masa wurin ina huci.

Ana nan, wata safiya ina cikin aji sai wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce don Allah ko ina da reza. Matar ɗanta ce ke naƙuda a kangon ajin nan. Na bar yara na aika aka kira ungozoma, na ciro zanen da ke jakata muka yi labule. Yarinya ce ƙarama mai naƙudar, ba za ta wuce sa'ar ɗan farina ba, ta rame har ba ka ganin komai sai ciki da idanu. Ko ƙara ba ta yi ba. Kafin azahar ta sauka, mace. Ban taɓa ganin jaririya ƙanƙanuwa haka ba, tafin hannuna biyu suka ɗauke ta, kukanta ma sai ka kasa kunne. Ungozoma ta matsa nonon uwar, babu komai. Ta kalle ni ta kalli sama, don a kwanakin hadari ya fara haɗowa da yamma yana watsewa. Ta ce mini a hankali, in ruwan farko ya sami yarinyar nan a nan, to a fara neman likkafani.

Na koma gida na sami Yaya, na durƙusa, abin da ba kasafai nake yi ba. Ban ce rumbu ba, ban ce mutanen makaranta ba. Ɗaki kawai na roƙa, a buɗe na Inna mai jego ta yi wanka a ciki, ko a bar ni in sa ta a nawa. Ya ce a'a. Ya ce in ka shigo da ɗaya gobe ɗari ne a zaure, ga ƙyanda ana ta faɗa, shi yana da yara. Ɗakin Inna kuwa, ya ce kada in sake kawo masa zancensa. Ya ɗebo dabino da sabulu ya ce in kai mata, Allah ya raya. Na karɓa na fita a fusace.

Da na koma, tsohuwar ta ce uban yarinya ya tafi ci-rani tun kaka ba labari, ba su da namiji a dangin uba da zai yi huɗuba, ba su da wanda zai zaɓi suna. Ta ce, “Malama, ke kika rufa mana asiri da zanenki. Ki zaɓa mata.” Ba zan yi ƙarya in ce sunan ya kuɓuce mini ne ba. Na tsaya na yi tunani, na ga abin da zai biyo baya sarai, sannan na faɗi sunan mahaifiyata. Da gangan na yi, kuma har yau in na tuna sai na ji daɗi.

Na sayi goro na tafi wurin liman. Tsoho ne mai wayo, shi ya yi wa Inna salla. Da ya ji sunan sai ya ɗaga kai ya dube ni, ya tambaya ko Yayana ya sani. Na ce zai sani a masallaci. Ya yi murmushi ya ce suna dai ba gonar kowa ba ce, kuma wanda aka ba zaɓi ya zaɓa. Shi da kansa ya je kangon ya yi wa jaririya huɗuba a kunne. Kwanakin da suka rage kafin suna, da ruwan dabino da nonon akuyar matar Yaya muka riƙe ta. Matar Yaya ce ke tatsa ta ba ni a ɓoye cikin kwalba, ita kaɗai na gaya wa abin da na ƙulla. Ta rufe baki da mayafi ta ce ita ba ta ji ba ba ta gani ba, amma ta ƙara nonon.

Ranar suna na laɓe a zaure, don masallacin unguwa a ƙofar gidanmu yake. Aka sallame sallar asuba, liman ya ce a dakata akwai raɗin suna. Aka raba goro. Ya ce baƙinmu na makaranta Allah ya ba su ƙaruwa, ya faɗi sunan, sannan ya ƙara abin da ni ban sa shi ba, ya ce takwara aka yi wa marigayiya, mahaifiyar mai gidan nan. Aka shafa fatiha. Sai na ji masallaci ya ɗauka. Abokan ciyayyar Yaya, waɗanda suke haɗa kwanon tuwo da shi kullum bayan magariba, suka yi masa caa. Wannan ya ce barka, Inna ta dawo. Wancan ya ce ashe abin arziki ake yi shi ne ba a gaya musu ba, ina ragon? Su da gaske suke, sun ɗauka da saninsa aka yi.

Ya shigo gida ya same ni ina hura wuta kamar ban san komai ba. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce, “Sunan da nake ajiye wa 'yata shi kika ɗauka kika kai kango?”

Na ce, “Ajiye shi ka yi, Yaya, yadda ka ajiye gero. Ni kuma na ga mai bukata na ba ta.”

Ya ce na ci mutuncin Inna, na sa za a riƙa kiran sunanta a bakin mabarata. Na ce Inna da ta yi shekaru tana ɗumama tuwo tana miƙa wa duk wanda ya yi sallama, ba ta taɓa tambayar daga ina yake ba. Ya ɗaga hannu kamar zai nuna ni, ya fasa, ya fita. Ko koko bai sha ba. Ni ma da ya fita sai na zauna a kan turmi. Na ji tsoro, don in wannan bai yi ba, ba ni da sauran dabara, ga shi na ɓata da ɗan'uwana.

Yinin ranar yana dakali, rediyo a kunne amma na san ba ji yake ba. Garin kuwa ya riga ya karɓi maganar. Matan unguwa, waɗanda Inna ta yi wa wankan jego da waɗanda ta yi wa kitso, suka fara fitowa da kwanon kunu da 'yan tsummoki, suna wucewa ta gabansa suna cewa za su barkan Inna. Jiya “mutanen makaranta” ne, yau kowa ya san akwai wata a cikinsu, har ana gardamar ko ta ɗauko hancin marigayiya. Yaya ya sha toka, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Wannan karon ba irin mai watsewa ba ne, iska ta fara kwasar leda da kara, kaji suna gudu. Na ɗauki tabarmar roba zan fita, ko ita ce in riƙe a kansu. Sai matar Yaya, wadda a zamansu ban taɓa jin ta sa masa baki a magana ba, ta riga ni zuwa zaure. Ta tsaya daga ciki ta ce, “Alhaji, hadari ya taso, Inna kuma tana waje.” Abin da ta faɗa ke nan, ta juyo.

Na ji rediyo ta yi shiru. Kafin in kai ƙofa ya zagaya baya, ya ɗaura wa bajimin nan nasa amalanke. Bai ce in hau ba, ni ma ban tambaya ba, na haye. Muka isa makaranta iska tana watsa mana ƙasa a ido. Ya sauka ya tsaya a bakin kangon. Ajin cike yake, mata sun rungume yara sun takure a jikin bango, tsofaffi sun lulluɓe kai. Na lura da idonsa, bai tsaya a kan kowa ba, ratsa su yake yi yana nema. Ya ce, “Tana ina?” Tsohuwar ta buɗe zane ta nuna masa. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire babbar rigarsa ya naɗe ta a ciki, ya miƙe da ita a ƙirjinsa ya ce wa mai jego ta taso. Ta ce ba za ta iya barin surukarta da 'yan ƙannen mijinta biyu ba. Ya ce su ma su taso, sauri yake. Muna shiga zaure ruwa ya kece. Hannunsa ɗaya riƙe da jaririya ya laluba aljihu ya miƙo mini makulli, ni na buɗe ɗakin Inna. Ƙamshin turarenta yana nan. Ina share gado ina kuka ina dariya, matar Yaya tana ce mini in yi ɗaya.

Washegari ya yanka rago, babba, wanda yake kiwo don layya. Ya kira wanzami aka yi aski. Ya sa aka sauke itace, matarsa ta kama wankan jego safe da yamma, ga kunun kanwa ga gasasshen nama. Kullum kafin ya fita sai ya tsaya a bakin ɗakin ya tambaya yadda Inna ta kwana. Matar tasa har tsokanarsa take, in mai jego tana son wani abu sai ta ce kakarsa tana kira, tunda ita ta haifi Inna. Ni dai bai yi mini magana ba sai da aka kwana biyu, ranar da ya ce in miƙo masa buta.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Nono ya zo amma kaɗan, jaririya ba ta ƙaruwa, uwar ma tana nan yadda take duk da kwanukan da ake shigar mata. Yaya ya fara faɗa, ya ce ina abincin yake tafiya. Da muka sa ido sai muka gane. Loma kaɗan take ci, sauran ta juye a ƙwarya ta ba yaran nan biyu su kai makaranta. Ya sa aka ninka mata. Ta ninka abin da take aikawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata shi don Inna yake bayarwa, ta ci ta shayar da ita. Yarinyar nan da ko ido ba ta haɗawa da shi ta amsa daga bayan labule.

Ta ce, “Baba, ba ya wuce mini. Yayata tana can da 'ya'yanta.”

Ya tambaye ta su wane ne nata a can. Ta fara faɗa masa: yayarta da yara, kawunta makaho, matar da ta shayar da ita da uwarta ta rasu, maƙwabciyar da suka raba ruwan gora ɗaya a hanya. Duk wanda ta ambata sai tsohuwar ta fassara masa dangantakarsa da jaririya, wannan innarta ce, wannan kakanta ne, waɗannan 'yan'uwanta ne. Ya yi tsaki ya ɗauki hularsa ya tafi makaranta, wai zai ga masu cinye wa Inna abinci. Ya daɗe bai dawo ba. Na ji daga baya cewa zama ya yi a ƙasa kusa da makahon, suka yi ta hirar irin gero da yadda rairayi ke cin gona, har suka gano Baba ya taɓa sayen raƙumi a ƙauyensu.

Da ya dawo bai shiga gida ba. Ya jingina tsani a jikin babban rumbu, ya hau ya ɗaga murfin da kansa, ya fara jeho damman gero ƙasa. Na fito na tsaya ina kallo, na riƙe ƙugu. Na kasa haƙuri, na tambaye shi ina lissafin nan nasa na Mai'adua da Daura da na kan hanya. Bai ko juyo ba.

Ya ce, “Dangin Inna ne. Ya kike so in yi?”

Na yi guɗa. Ni da ba na guɗa ko a biki, ranar sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Matan makarantar suka zo suka yi sussuka da surfe da kansu a tsakar gidanmu, aka kafa manyan tukwane. Ranar mai jego ta cinye kwanonta tas. Abokan ciyayya suka yi ta tsokanar Yaya, wai jaririya ta yi masa abin da liman ya kasa. Shi kuma ya juya musu, kullum bayan magariba sai ya kawo labarin mutum ɗaya: makahon nan ya iya saƙar igiya, wance ta iya gyaran fata, yaron wance yana tari ga shi ɗakin wane ba kowa a ciki. Ba ya cewa a taimaki mutane, sai ya dubi mutum ya ce masa wance fa, kai za ka sauke ta ko wane? Kunya ta kama wasu, wasu gasa ta ɗebe su, don ba mai son a ce Yaya ya fi shi. Kafin damina ta yi nisa, mafi yawan na makaranta sun sami masauki, sauran kuma aka haɗu aka rufa musu ajin da kara da leda. Mazan da suka rage a cikinsu Yaya ya auna musu iri suka koma su yi shuka.

Ba kowa ya bayar ba, akwai waɗanda har kaka rumbunsu a toshe. Ba kowa ya tsira ba kuma, mun binne yara, mun binne tsohuwar da ta ce in zaɓi suna. Na tashar Mai'adua da na Daura ban san yadda suka ƙare ba. Yaya ma bai zama wani mutum dabam ba, har ya tsufa in rediyo ta faɗi bala'in wata ƙasa “Allah ya kyauta” yake cewa ya kurɓi koko. Sai dai in aka ambaci ruwa ko fara a arewa, yakan ɗaga hannu kowa ya yi shiru.

Jaririya kuwa ta yi kumatu. Da aka fara cin tumu labari ya zo cewa ubanta ya dawo gida, gero kuma ya yi kyau a wurinsu. Yaya ya so ya riƙe su, ya kawo dalilai har da na sanyi da na hanya, uwar ta ce gida gida ne. Shi ya kai su har Kongolam. Ya dawo ya bar ɗakin Inna a buɗe, bai ƙara sa masa kwaɗo ba.

Kaka ta zagayo, wata rana da hantsi yana dakali da abokansa, ni ina dawowa daga makaranta, sai ga babur ya tsaya. Wani matashi ne da matarsa, mai jegon nan tamu, an ɗaure damin gero a baya. Matar ta kwance goyo ta dire yarinya a ƙasa. Yarinyar ta tsaya da ƙafafunta, ta yi tangaɗi, ta nufi dakali tana taku ɗaiɗai, ƙafa duk ƙura. Yaya, da furfurarsa da komai, a gaban mutane, ya sauko daga dakali ya cire takalmi ya tsuguna, yadda yake yi in Inna ta dawo daga unguwa.

Ya ce, “Inna, kin zo lafiya?”

Ba ta kula shi ba. Ta wuce ta gefensa ta ɗauki rediyon, wadda ko 'ya'yansa ba su isa su taɓa ba, ta buga ta da ƙasa batir ya watse. Ya bi su da rarrafe yana tsincewa, yana miƙa mata.